Rigimar sukari a burodin masara

A kudancin Amurka, in kana son tayar da gardama a wurin cin abinci, tambayi mutane ko ana sa sukari a burodin masara. Tsofaffi da yawa a Alabama da Jojiya za su ce maka sam. Nasu garin farar masara ne da nono mai tsami da gishiri, a zuba a kaskon ƙarfe mai zafi, a gasa har gindinsa ya yi ɓawo. Wanda ya ƙara sukari, in ji su, ai kek ya yi. A arewacin ƙasar kuwa, jar masara ake so, da fulawa da sukari.

Da na bi diddigi, sai na ga asalin rigimar a wurin niƙa yake. A da, da dutse ake niƙa, garin yana fitowa da idon ƙwayar, inda mai da ɗanɗano suke. Daga farkon ƙarni na 20 injunan ƙarfe suka yaɗu, suna cire idon don garin ya daɗe bai lalace ba. Gari ya zama salam, uwaye mata suka ƙara sukari da fulawa don ya ciwu. Ga kuma ƙaura: daga wajajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudu zuwa birane irin su Chikago, suka yi girki da abin da kanti ya ba su.

Mu da muke zaune a zangon Kumasi ko Yawunde mun san wannan. Garin da Hajiya take samu a nan ba irin na gida ba ne, amma tuwon bai fasa zama tuwo ba. Ita masarar ma baƙuwa ce, daga Meziko ta fito. Shi ya sa ni ban ga laifin mai sa sukari ba, matuƙar yaranta sun san yadda kakanni suke yi.

Inda ba sassauci shi ne kitse. Na gargajiyar kudu da kitsen alade ake shafa kaskon, kuma haɗaɗɗen garin Jiffy na asali yana ɗauke da shi. In an kawo miki tsaraba, duba bayan kwalin. In kuma za ki gasa da kanki, man shanu ya wadatar, ki bar kaskon ya yi zafi sosai kafin ki zuba ƙullun.