Tsofaffi a Ƙauyukan Malesiya: Ciki a Cike, Jiki na Yunwa

A ƙauyukan Malayu na jihohin Kelantan, Terengganu da Kedah, da wuya tsoho ya kwana bai ci ba. Shinkafa ba ta yankewa, ga kifi, ga kwakwa a harabar gida. Duk da haka, binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Malesiya ta yi kan tsofaffi a 2018 ya nuna cewa kusan uku cikin goma na masu shekara 60 zuwa sama, ko dai abinci mai gina jiki ya gaza musu, ko suna dab da haka. Abin kuma ya fi kamari a karkara.

Daga baki matsalar take farawa. Cimar gargajiya ta Malayu ba ta da laifi: akwai ulam, wato ɗanyen ganye irin su pegaga da ake ci da shinkafa kamar yadda muke cin kwaɗon zogale, ga kifi da waken tempe. Amma duk waɗannan sai da haƙori. Tsohuwar da ta yi wawulo takan ajiye ganye da nama, ta koma ga abin da zai wuce maƙogwaro ba wahala: farar shinkafa da ɗan budu, ruwan kifin nan mai tsananin gishiri da mutanen Kelantan ba sa rabuwa da shi, sai biskit da shayi mai madarar gwangwani. Ciki ya cika, tsoka kuwa tana zaizayewa. Gishirin yana kiran hawan jini, zaƙin yana kiran ciwon sukari, a ƙasar da wani bincike na 2019 ya samu kashi 18.3 cikin ɗari na manya da wannan ciwo. Harajin sen 40 na kuɗin ƙasar kan kowace lita da gwamnati ta ɗora wa lemukan kwalba a Yulin shekarar bai shafi shayin da ake haɗawa a gida ba.

Shi ya sa sikeli kan yaudari mai duba. Tsohuwa mai ƙiba tana iya fama da ƙarancin jini da raunin ƙashi, kowa na cewa ai tana cikin ƙoshi.

Sai kuma kaɗaici, wanda a ganina ya fi rashin haƙori illa. 'Ya'ya sun tafi aiki Kuala Lumpur, Penang da Johor Bahru, ba a ganinsu sai da Sallah. Suna aiko kuɗi, Allah ya saka musu, amma kuɗi ba ya hura wuta. Wa zai ɗora tukunya sau uku don cikinsa shi kaɗai? Balle dattijon da matarsa ta rasu, wanda bai taɓa riƙe ludayi ba.

Ana hasashen nan da 2030 masu shekara 60 zuwa sama za su kai kashi 15 cikin ɗari na al'ummar Malesiya. Ƙananan asibitocin karkara sun iya awon jini da sukari, amma hakan bai wadatar ba. Ya kamata a riƙa duba bakin tsoho, a kuma tambaye shi wa ke dafa masa, da wa yake ci.