Haska ƙofofin Birnin Zazzau da dare: Inda fitila ke ƙawata gini da inda take ɓata shi

Da hantsi, Ƙofar Fadar Zazzau ba ta buƙatar mai yi mata talla. Rana na faɗowa kan fuskarta a karkace, kowane zanen dagi ya fito da inuwarsa, zankwayen saman su tsaya cur a sararin sama. Baƙon da ya shigo gari yakan tsaya ya ɗauki hoto kafin ma ya nemi masauki. Bayan sallar Isha'i kuwa sai labari ya sha bamban, domin abin da ido zai gani ya dogara kacokan kan fitilar da aka kunna da kuma wurin da aka kafa ta.

Sha'awar haska manyan gine-gine da dare ta game duniya, musamman tun da fitilun LED suka yi araha, suka kuma rage cin wuta. A Zariya ma ana ganin alamarta a lokutan Sallah da watan Maulidi, sa'ad da ake rataya igiyoyin ƙananan fitilu a masallatai da ƙofofin gidaje. Sai dai birnin da ke da Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona da sauransu, ga kuma ragowar ganuwar da baki ke jingina wa Sarauniya Amina, ba zai iya kwaikwayon kowane salo ido rufe ba. Dalili shi ne asalin ginin nan na ƙasa ne.

Misalin da masu sana'ar hasken ado suka fi sani shi ne fadar tatsuniya ta Cinderella da ke dandalin shaƙatawa na Disney a jihar Filorida ta Amurka, wadda aka buɗe a 1971. Daga shekarar 2007 an riƙa lulluɓe ta da raga mai ɗauke da fitilu fiye da 200,000 a kowane ƙarshen shekara, sai ta yi kamar ƙanƙara ta daskare a kanta. Wannan gini kuwa ƙarfe ne da kankare da filasta, kuma an yi shi ne don kallo, saboda haka ɗaure masa waya ba ya cutar da shi. Duk da haka aikin yakan ɗauki makonni, da babbar na'urar ɗaga kaya tsaye a bayan ginin tana ɓata wa masu ziyara hoto. Daga 2020 aka koma harba masa hotunan haske daga nesa, ba tare da an rataya masa komai ba. A birnin Paris kuma, Hasumiyar Eiffel na da ƙwayaye 20,000 da ke walƙiya na minti biyar a farkon kowace sa'a, amma a 2022 hukumomin birnin suka dawo da lokacin kashe haskenta zuwa ƙarfe 11:45 na dare don tsimin lantarki.

Ginin ƙasa ba ya yafe ƙusa. Magina na da sun jera tubali, suka yi yaɓe, sannan suka shafe da makuba ko laso domin ruwa ya zame ya wuce, indararo kuma ya zubar da na rufi nesa da gindin bango. Wannan shafen shi ne rigar ginin. Duk inda aka huda shi don kafa maƙalin fitila ko bi da waya, an buɗe wa ruwan Agusta hanya ke nan. Ruwa ya shiga, ƙasa ta kumbura, rani ya zo ta tsage, baɗi kuma ramin da bai fi kan yatsa ba ya zama ɓarakar da hannu zai shige. Ko ƙofofin da aka sake ginawa ko aka shafe da siminti ba su tsira gaba ɗaya ba, domin idan ruwa ya sami hanya ya shiga bayan siminti, ba ya samun ta fita. Shi ya sa masana adana kayan tarihi suke riƙe da ƙa'ida guda: duk abin da za a ƙara wa tsohon gini, ya zama ana iya cire shi gobe ba tare da ya bar tabo ba. A aikace, fitila ta zauna a ƙasa ko a kan sandarta, waya ta bi ta cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, bango kuwa a bar shi da aikinsa. Ganuwar Zariya ma tana cikin wuraren tarihi da ke ƙarƙashin kariyar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, don haka taɓa ta ba hurumin ɗan kwangila ba ne shi kaɗai.

Bayan batun kare bango sai na kyan gani, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Zayyanar Hausa tudu ce da kwari. Magini yana murza ɗanyar ƙasa da hannu ya fitar da dagi ko takobi, kuma abin da ke sa ido ya karanta su shi ne inuwar da ke kwanciya a gefensu. Idan aka kafa babbar fitila a gaban gini ta doke shi kai tsaye, inuwa ta mutu, aikin watanni ya koma shafaffen allo. Idan kuwa aka ajiye fitilu marasa ƙarfi kusa da gindin bango, ko daga gefe, haskensu na shafar fuskar ginin a karkace kamar ranar hantsi, sai zane ya taso. Kusantar ma tana da iyaka: fitilar da ta manne da bango takan tona kowane ƙurji da faci, ta bar zankwaye cikin duhu, gini ya zama kamar an sare masa kai.

Launi ma haka. Ana auna launin farin haske da ma'aunin Kelbin. Wanda ke tsakanin 2,700 zuwa 3,000 yana da ɗumi, ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, shi ne kuma ke dacewa da jar ƙasa. Farin da ya kai 6,000, irin na galibin fitilun sola da ke kasuwa, yana da shuɗi-shuɗi, yakan mayar da jan bango ruwan toka kamar marar lafiya. Fuskar Ƙofar Fada kuwa ta riga ta sha fenti kala-kala, saboda haka fitila mai sauyawa daga kore zuwa ja zuwa shuɗi ba abin da za ta ƙara mata sai rikici: jan haske na baƙanta koren fenti, shuɗi kuma ya kashe ruwan ɗorawa. Irin wannan ado ya fi kyau da wurin biki.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa ɗumin haske ya fi: ƙwari sun fi ruɗuwa da haske mai shuɗi. Duk wanda ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko ya san abin da ake nufi, kuma shinge gara ce mai fiffike da ta fito neman wurin kafa sabon gida. Gayyato ta gindin ginin ƙasa mai katako a jikinsa ba dabara ba ce.

Cikin gini yana da nasa hukunci. Tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, an kewaye shi da sabon gini na kankare a shekarun 1970, amma bakan gizonsa da ginshiƙansa na ƙasa da azara suna ciki. An tsara wurin ne don haske kaɗan mai sanyaya rai. Fitila mai zafi kusa da tsohon yaɓe na busar da shi ya tsattsage, mai tsananin haske kuma ta kori natsuwar da aka gina wurin dominta. A nan amfanin LED a bayyane yake, tunda zafinta kaɗan ne, ana kuma iya rage ƙarfinta.

Maƙwabta su ma suna da haƙƙi. Cikin birni gidaje a cushe suke, kuma da bazara iyalai da yawa a tsakar gida suke kwana. Fitilar da aka ɗora a dogon ƙarfe ba tare da murfi ba takan tsallake katanga ta yaye sirrin gida, ko ta kashe idon mai babur da ke shigowa ta ƙofar gari. Ƙaramin murfi da ke tsare haske a kan ginin kaɗai, da na'urar da ke kashe shi idan dare ya raba, sun isa su magance wannan.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka shi ne rashin kulawa bayan an yanke kirtani. Ƙurar hunturu na dusashe gilashin fitila da faifan sola cikin 'yan makonni, batir yana da shekarun da yake yi ya gaji, waya kuma na jan hankalin ɓarayi. Fitila goma da uku suka mutu sun fi duhu muni, domin suna raba fuskar gini gida-gida. Saboda haka kasafin da ya dace shi ne wanda ya ware kuɗin shara da canjin batir tun ranar farko, ya kuma sa maginan gargajiya na unguwar Babban Gwani su zagaya tare da mai haɗa wuta kafin a haƙa ramin farko, su nuna masa inda ruwan indararo ke sauka.