Katin Hoto na Kwamfuta: A San Cuta Kafin a Nemi Magani

A garuruwa irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wasan kwamfuta ya zama abin hutawar samari da yawa, har wasu sun mai da shi sana'a, sun buɗe ɗakunan wasa inda ake biyan kuɗi a zauna gaban allo. Duk mai wannan harka ya san wata matsala guda: ana tsakiyar wasa sai hoto ya fara yayyagewa, ɗigo-ɗigo kore da ja su bazu a kan allo, ko kuwa allon ya yi baƙi ƙirin, wasan ya rufe kansa. Nan take sai a ce katin hoto ya mutu. Sau da yawa kuwa katin lafiyarsa lau, gaggawar yanke hukunci ce ke sa mutum ya zubar da kuɗi masu yawa a kan abin da share ƙura kaɗai zai gyara.

Aikin katin

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart girafik, shi ne sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Yana da ƙwaƙwalwarsa, da ma'ajiyarsa, da fankarsa. Kamfanonin da suka shahara wajen ƙera ƙwaƙwalwar su uku ne: Nvidia, wanda ya fito da GeForce 256 a 1999, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI a 2006, da Intel, wanda ya fito da katunan Arc a 2022. Rubuta wasiƙa ko lissafin kanti ba ya gajiyar da katin, amma wasa yana tilasta masa ya zana hoto sau 60 ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa na'urar da ke aiki lami lafiya a ofis take iya faɗuwa da zarar an buɗe wasa.

Abubuwa huɗu ne aka fi tuhuma: zafi, da manhajar da ke tafiyar da katin, da wutar lantarki, sannan katin kansa. Mai gyara na ƙwarai yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada.

Alamun cutar

Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, wajibi ne a lura da lokacin da matsalar ke zuwa. Idan wasa ya fara daidai, sai bayan ƴan mintoci ya lalace, zafi ake fara zargi. Idan wasa ɗaya tak ke faɗuwa sauran suna tafiya, laifin yana ga wasan ko ga manhaja. Idan na'urar ce gaba ɗaya ke mutuwa ko ta sake tashi da kanta, sai a dubi wajen wuta. Idan kuwa layuka da ɗigo-ɗigo sun bayyana tun daga kunnawa, kafin Windows ya buɗe, to abin ya fi kama da lalacewar katin, ko ta wayar da ke haɗa shi da allo. Dangance da wannan akwai wata dabara mai sauƙi: a sa na'urar ta ɗauki hoton abin da ke allo, a aika shi cikin wayar salula a duba. In ɓarnar ta fito a hoton, daga cikin na'urar take. In hoton ya fito tsaf, sai a sake waya ko a gwada wani allo.

Zafi da ƙura

A ƙasar nan zafi ne babban abokin gaba. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai yakan wuce digiri 40, hunturu kuma yana cika ko'ina da ƙura. Ƙurar nan tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke shan zafin katin, fanka ta yi ta juyawa a banza. Manhajoji na kyauta irin su GPU-Z da HWiNFO suna nuna zafin katin yayin da ake wasa. Katuna da yawa sukan rage gudunsu da kansu idan zafi ya haura digiri 80 ya nufi 90, domin su tsira.

Maganin ba shi da tsada. A kashe na'ura, a zare wayarta daga bango, a buɗe akwati, a share ƙura da buroshi mai laushi ko a hura iska, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi juyin da zai ɓata ta. Tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen akwai wani ƙulli mai kama da man goge baki, wanda ke miƙa zafi. Bayan ƴan shekaru yakan bushe, sai a kai wa wanda ya iya ya sa sabo. Har ila yau, bai kamata a ajiye akwatin a ƙasa ko a manne da bango ba.

Manhajar da ke tafinta

Tsakanin wasa da katin akwai wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ake kira direba ko pilot. Tun daga Windows Vista, idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows yakan sake tayar da direban, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, wasa ya rufe. In hakan ya faskara, sai allo ya koma shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE. Wannan saƙo yana nuna cewa katin ya yi shiru ne kawai, ba ya faɗin dalili.

Abin yi shi ne a cire tsohon direba kaf da manhajar DDU, sannan a ɗauko sabo daga wurin kamfanin da ya ƙera katin. Idan matsalar ta fara ne bayan an sa sabon direba, sai a koma ga na da. Wanda ya ƙara wa katinsa gudu fiye da yadda aka ƙera shi, ya mai da shi yadda yake. Akan kuma rage gudun kaɗan da MSI Afterburner. In wasa ya daidaita, katin ya fara tsufa ne, amma zai iya ci gaba da aiki.

Wutar lantarki

Ramin da ake soka katin a ciki yana ba da wat 75 ne kawai. Kati mai ƙarfi yana neman ƙari ta wayoyi na musamman: mai baki 6 tana ba da wat 75, mai baki 8 kuma wat 150. Akwatin wuta mai rauni ko tsoho yakan kasa a daidai lokacin da wasa ya ɗauki zafi. A tabbata kowace waya ta shiga har ƙarshe. A 2022 an ga bakin wayar wasu katunan RTX 4090 ya narke, kamfanin Nvidia kuma ya ɗora laifin a kan rashin soka wayar sosai. Inda kuran ke hawa da sauka, ko ake aiki da injin janareto, na'urar daidaita wuta ko ondilar tana kare dukiya. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya buɗe akwatin wuta, domin yana riƙe da wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Idan katin ne

Gwaji na ƙarshe shi ne a sa katin cikin wata na'ura mai lafiya, a kuma sa wani kati cikin na'urar da ke ciwo. In ɓarnar ta bi katin, shi ke nan an gano mai laifi. Hakan na faruwa: a 2008 Nvidia ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalensa na kwamfutocin hannu suna lalacewa saboda raunin kayan haɗinsu. Tun lokacin wasu ke gasa kati da iska mai zafi don ya farfaɗo, amma wannan farfaɗowa ba ta daɗewa, kuma da ita ake yaudarar mai saye. Bayan watan Satumba na 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katunan hoto, tsofaffin katuna da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Saboda haka duk mai sayen kati na hannu ya nemi a kunna masa wasa mai nauyi a gabansa, ya zauna ya kalli allo da ma'aunin zafi na kimanin rabin awa kafin ya biya.

A cikin duk wannan bincike, ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka gani, sannan a wuce gaba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko na'urar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ranar da ciwon ya dawo zai sake biyan kuɗi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Matashin da ya tara kuɗinsa da gumi ya sayi na'ura, ya kamata ya riƙa share mata ƙura a kai a kai, musamman bayan hunturu, kafin zafin bazara ya kankama.