Kofin ACC: minti 90 da ke yanke hukuncin shekara guda

A ƙasar Amurka, kakar ƙwallon ƙafa ta jami'o'i gajeruwa ce: a soma ƙarshen Agusta, kafin Nuwamba ta ƙare yawancin ƙungiyoyi sun rataye takalma. Shi ya sa ɗalibai ke ɗaukar gasar ƙarshen kaka ta rukunin jami'o'in ACC, wadda aka soma a 1987, tamkar jarabawar fita. Wasa ɗaya ne, wanda aka doke ya koma gida. Wanda kuwa ya ɗauki kofi ya samu tikiti kai tsaye zuwa gasar ƙasa ta NCAA mai ƙungiyoyi 48. Sauran sai su zauna jiran kwamitin zaɓe, ko ya tuna da su ko ya manta.

Kada mai karatu ya ce wasan yara ne. A 2022 jami'ar Syracuse ta ci kofin ACC, ta zarce ta ci na ƙasa. A 2023 Clemson ta yi hakan, bayan ta sha da ƙyar a hannun North Carolina da bugun fenariti. Cikin ƴan wasanta akwai Ousmane Sylla, ɗan Senegal, wanda ya jefa ƙwallo a ragar Notre Dame ranar wasan ƙarshe na ƙasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar.