Yawon Buɗe Ido da Wuraren Shaƙatawa a Garwa da Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu na ɗan lokaci domin ya huta, ya kuma ga abin da bai saba gani ba. Wannan takarda za ta yi bayani a kan wuraren da baƙi ke ziyarta a Garwa da karkarar arewacin Kamaru. Za a ga cewa ruwa da lokacin shekara su ne ke yanke abin da baƙo zai gani.

Garin Garwa

Garwa ita ce hedikwatar Yankin Arewa na Kamaru, kuma tana bakin Kogin Binuwai, wanda ya wuce ta Yola ya haɗu da Kogin Kwara a Lokoja. Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci kuma na ofis, amma akwai Hausawa da yawa, musamman 'yan kasuwa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982.

Da yamma, idan rana ta yi sanyi, mutane kan fita bakin kogi shan iska da kallon dorina. Ƙwallon ƙafa ma babban abin nishaɗi ne. Ƙungiyar garin, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, kuma an buga wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia a farkon 2022.

Ruwa da Namun Daji

Kimanin kilomita 50 daga Garwa akwai madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da taimakon ƙasar Sin. Tafkin da ta tara ya zama wurin kamun kifi da yawo a kwalekwale.

Kudu da nan akwai gandun dajin Binuwai, mai faɗin murabba'in kilomita 1,800, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968. Ana samun dorina da kada da ɓauna da gwanki da zaki a cikinsa. Akwai kuma gandun Buba Njidda wajen iyakar Cadi, da na Waza can arewa mai nisa, wanda ya yi suna wajen raƙumin dawa da giwa da jimina.

Da rani ake zuwa waɗannan wurare, wato daga Disamba zuwa Afrilu. Dalili shi ne, da damina ciyawa kan yi tsawo ta ɓoye dabbobi, hanyoyi su lalace, kuma ko'ina akwai ruwan sha, don haka namun daji sai su warwatsu. Idan ƙananan rafuka suka ƙafe, dole su taru a inda ruwa ya rage, a nan ne ake ganinsu. Sai dai baƙo ya yi shirin zafi, domin a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40.

Duwatsu da Sarauta

Kusa da garin Gidar, arewa da Garwa, akwai kwazazzabon Kola, inda ruwan Mayo Luti ya rarake dutse ya yi lunguna masu zurfi. Kalmar "mayo" a Fulatanci tana nufin kogi. Shi ma sai da rani ake shiga, bayan ruwa ya janye. Gaba kuma, a tsaunukan Mandara daf da iyakar Nijeriya, akwai ƙauyen Rumsiki na ƙabilar Kapsiki. Ya shahara da dogayen duwatsu masu tsini, da kuma wani salon duba da ake yi da ƙaguwa.

Ta fuskar al'ada, masarautun Fulani su ne abin kallo, kuma sarki ana ce masa Lamiɗo. Fadar Rai Buba, wadda aka kafa masarautarta a farkon ƙarni na 19, tana kewaye da katangar ƙasa mai tsawo. Ranar Salla mahaya kan yi sukuwa a gaban Lamiɗo da dawakai masu ado, kamar hawan daba a Kano ko Katsina.

Matsaloli

A 2012 mafarauta masu neman hauren giwa suka shiga gandun Buba Njidda bisa dawakai, suka kashe ɗaruruwan giwaye. A Fabrairun 2013 kuma 'yan Boko Haram suka sace wasu iyalin Faransawa bakwai kusa da Waza, aka sake su bayan wata biyu. Daga nan baƙi suka ja baya, masu yi musu jagora da direbobi da masu sana'ar hannu suka rasa ciniki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa abubuwan da baƙo ke zuwa kallo, wato kogi da daji da dutse da doki, su ne mutanen karkara ke rayuwa da su. Saboda haka kare namun daji da tabbatar da tsaro ba don baƙi kaɗai ake yi ba, har da abincin mutanen wurin.