Sarƙar da ba ta tsinkewa sai an ɗora kaya

Wani ɗan kabu-kabu mai jigilar albasa daga Tamaske zuwa kasuwar Lahadi ta Tawa ya rasa gane kan babur ɗinsa, ƙaramin ɗan China mai lamba 125. In yana yawo cikin gari, lafiya lau. Da zarar ya ɗora buhu ya shiga gargadar duwatsun Adar, sai sarƙa ta tsinke. Ya sa sabuwa, ita ma ba ta daɗe ba.

Sarƙar aka fara zargi. Lokacin an rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Sakkwato bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan gyara sun yi wuya, kowa na kukan jabu. Amma tsohon makaniken da aka kai wa babur ɗin ya jujjuya guntun sarƙar a hannu, ya ga bai goge ba, haƙoran da sarƙar ke bi ma ba su ci ba. Mahaɗanta ne suka buɗe. Ja ne ya kashe ta, ba tsufa ba.

Sai aka koma kan nauyi.

"Baba, wannan kayan na saba ɗauka tun da na sayi babur ɗin."

"To me ka canza, ɗana?"

"Ban canza komai ba."

Tsohon ya tsayar da babur a kan ƙafar babur ɗin ta tsakiya, ya danna sarƙa da yatsa. Tana da sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, daidai yadda ake so. Yana durƙushe yana tunani, sai ya kai hannu zai juya tayar baya, ta ƙi juyawa: tana dafe da ƙasa. Babur kuwa in yana kan wannan ƙafa, tayarsa ta baya ratayewa take yi.

Nan mai babur ya tuna. Amortisa ɗinsa, ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke shanye girgiza a baya, sun zubar da mai, har taya na bugun rufinta in an faɗa rami. Ya samu wasu da aka kwance daga babban babur, da araha, ya ɗaura. Tsohon ya sa aka ɗauko tsofaffin, ya auna da igiya daga ramin ƙusa na sama zuwa na ƙasa. Sababbin sun ɗara da santimita 3.

Me ya haɗa tsawon amortisa da sarƙa? Aka sauke babur, aka ɗora buhu, yaran gareji biyu suka hau. Tsohon ya sake danna sarƙa: ta ɗame kamar tsirkiyar baka.

Ga dalilin. Ƙarfen da ke riƙe da tayar baya yana hawa da sauka ne a kan ƙusa guda, kuma ƙusar tana bayan ƙaramin faifan haƙori na inji. Saboda haka tazarar da sarƙa ke ratsawa tana canzawa, ta fi tsawo idan faifan, ƙusar da tsakiyar taya suka hau layi ɗaya. Dogon amortisa yana tura ƙarfen ƙasa, nesa da wannan layi, sai sarƙa ta yi sakwa-sakwa in babur ba kaya. Mai shi ya ga haka ya ɗaure ta. Da nauyi ya danne baya, ƙarfen ya miƙe, sassaucin ya ƙare, rami ɗaya ya isa. Da abin ya ɗore, da ya ci boris ɗin giya.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Aka musanya dogayen da wasu biyu masu tsawon na asali amma masu kaurin sifirin. Aka murza zoben ƙasansu mai mataki biyar, aka tsayar da dama da hagu a mataki guda, domin in sun bambanta babur lilo yake yi a kwana. Aka sauya robobin ramukan ƙusa, sannan aka saita sarƙa da kaya a kai.

Tsohon ya miƙa wa mai babur igiyar awon da ƙulli biyu a jikinta.

"Ran da za ka sayi wasu, ka fara aunawa kafin ka yi ciniki."