Bayanin ƙanjamau yana intanet, amma da wane harshe?

Tun da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, zancen ƙanjamau ya shigo zaurukan Karaye da Rogo. Matasa da iyaye suna tambayoyin da a da ba a furta su. Damuwata ita ce inda suke samo amsa.

Yawanci daga WhatsApp ne, ko daga mai maganin gargajiya da lasifika a kasuwa, yana rantsuwa cewa kwalba biyu za su wanke jini tas. Alhali gwamnatin tarayya tana da hukumar yaƙi da cutar, NACA, mai shafi a naca.gov.ng, ta kuma ware layin waya 6222 domin tambayoyi. Jihar Kano ma tana da tata, KSACA.

Abin da ke cikin bayanan hukuma yana da amfani ƙwarai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Najeriya. Maganin rage kaifinta kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware. Ba ya warkarwa, amma wanda ya riƙe shi kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya shafa wa matarsa ko mijinta. Mai juna biyu da ta fara shan magani da wuri tana da kyakkyawar damar haihuwar jariri lafiyayye. Wannan magana kaɗai da ta isa kunnen uwargida a ƙauye, da an rage kuka mai yawa. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana korar mutum daga aiki saboda cutar.

Sai dai shafin NACA da Turanci yake magana. Manomin rani a bakin madatsar Challawa, da 'yar wayarsa da kuɗin data ƙalilan, me zai tsinta a rahoto mai shafi ɗari? Ni a ganina aikin bai kammala ba sai an mayar da bayanan nan Hausa, cikin gajerun saƙonnin murya da za a iya turawa daga waya zuwa waya.

Kafin nan, kai ɗan makaranta da ke jin Turanci, buɗe shafin ka karanta wa na gida. Mai shakka kuma ya je asibiti a gwada shi.